Darasi: Yadda ake yi wa gadon lilo da kayan kwanan daji feshin maganin kaska

Darasinmu na yau ya ɗan kauce daga waya da caja da batir, amma har yanzu maganar kayan aiki ce, kuma kimiyyar da ke cikinta ta fi yadda na zata kafin in fara bin diddiginta.

Ga abin da ya jawo maganar. Ina aikin rubuta manhaja daga gida tare da wasu mutum huɗu da ban taɓa haɗuwa da su ido da ido ba. Ɗaya daga cikinsu yana zaune ne a jihar Pennsylvania ta Amurka, kuma kusan duk ƙarshen mako sai ya saɓa jaka ya shiga daji ya kwana. A watan Yunin bara aka yi kwana uku bai shigo taronmu na safe ba. Da ya dawo sai ya turo mana hoton cinyarsa: wani jan tabo zagayayye, faɗinsa ya kai tafin hannu, tsakiyarsa ta ɗan washe. Likita ya ce cutar Laim ce, ya ɗora shi a kan maganin doksisaikilin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da ya ce kaska ce ta cije shi, kuma har ya warke bai taɓa ganin kaskar ba. Ni a sanina kaska ita ce wannan ƙatuwar da ake ɓamɓarewa a hantsar saniya ko a kunnen kare. Ta yaya za ta ciji mutum bai gan ta ba?

Bai daina kwanan daji ba. Abin da ya sauya shi ne yadda yake shirya kayansa kafin ya fita. Na dame shi da tambayoyi, na karanta takardun da ke jikin kwalaben maganin, na karanta abin da hukumomin lafiya suka fitar. Abin da na tattara ke nan.

Gadon lilo da abokan tafiyarsa

Gadon lilo, wanda Turawa ke ce wa hamok, manya kuma a nan suka sani da amuku, ƙyalle ne da ake tattare bakinsa biyu a ɗaure tsakanin bishiyu biyu a kwanta a ciki. Asalinsa na mutanen tsibiran Karibiyan da Kudancin Amurka ne, a wurinsu Sifaniyawa suka gan shi suka ɗauki sunan. Na zamani da nailan mara nauyi ake yin sa, tsawonsa wajen mita uku, faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi, idan aka naɗe shi bai fi ƙaramar kwalbar ruwa biyu girma ba. Masu bin doguwar hanyar duwatsun Appalachia, wadda ta kai kimanin kilomita 3,500 daga jihar Jojiya zuwa Maine, da yawansu sun bar tanti sun koma kansa, domin a wannan yanki bishiya ba ta yankewa, fili mai laushi kuwa sai an nema.

Gadon ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai maɗauri biyu masu faɗi da ake naɗawa a jikin bishiya. Akwai gidan sauro, wani a ɗinke da gadon, wani a ware. Akwai tamfol da ake kafawa a sama saboda ruwa. Akwai bargon da ake ratayawa a ƙarƙashin gadon saboda sanyi, tunda iska ta ƙasa take bugun bayan mutum. Sannan akwai 'yar shimfiɗar da ake ajiyewa a ƙasa don taka ƙafa da ajiye jaka. Ka riƙe wannan jerin, domin tambayar darasin nan ita ce: a cikinsu wanne ya cancanci magani, wanne ne asarar kuɗi?

Kaska daga ƙasa take hawowa

Kuskuren da abokin aikina ya yi a farko shi ne wanda kusan kowa ke yi. Ya ɗauka tunda a rataye yake kwana, sama da ƙasa, kaska ba ta da hanyar zuwa wurinsa. Gaskiya ne kwana a sama ya fi kwana a kan ganye aminci. Amma ba cikin barci kaska ta fi kama mutum ba. Da rana take kama shi, yana tafiya, ko yana tsugunne yana ɗaure igiya, ko yana zaune a kan kututture yana dafa shayi. Shi da kansa yake ɗauko ta a jikin wando ya shiga da ita cikin gadon, ya zuge zif ɗin gidan sauro ya kulle kansa da ita.

Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle. Dangin gizo-gizo ce, babbarta ƙafa takwas gare ta. Nau'in da ke yaɗa cutar Laim a gabashin Amurka, wanda ake kira kaska mai baƙar ƙafa, yadda yake farauta shi ne ya hau kan ciyawa ko ganyen da ke ƙasa, ya riƙe da ƙafafun baya, ya miƙa na gaba biyu yana jira. A jikin waɗannan ƙafafun na gaba akwai wata 'yar gaɓa da ke jin iskar da dabba ke fitarwa a numfashi, da ɗumin jiki, da wari. Duk abin da ya gifta ya goge ta, ta kama. Daga nan ta fara hawa sama tana neman wuri mai laushi da ɗumi: bayan gwiwa, matsematsi, ƙugu, hammata, bayan kunne, cikin gashi. Ba banza Bahaushe ya yi mata kirari da raɓi mai jini ba.

Amsar tambayata ta farko kuwa tana cikin girmanta. Babbar kaska mai baƙar ƙafa kamar ƙwayar riɗi take. Matashiyarta, wadda ba ta gama girma ba, ba ta kai milimita 2 ba, kamar ɗigon biro. Ita ce ta fi yawo daga watan Mayu zuwa Yuli, ita ce kuma ta fi sa wa mutane cutar, saboda ba a ganinta, kuma yawunta yana hana a ji zafin cizon.

Cutar ta samo sunanta ne daga garin Lyme na jihar Connecticut, inda a 1975 aka lura da yara da yawa masu kumburin gaɓoɓi. A farkon shekarun 1980 masanin kimiyya Willy Burgdorfer ya gano bakteriyar da ke haddasa ta a cikin kaska. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa kusan mutum 476,000 ake yi wa maganin cutar a duk shekara a ƙasar. Idan aka bar ta ba magani tana iya taɓa gaɓoɓi, jijiyoyi da zuciya. Akwai kuma wata kaskar a kudu da gabashin Amurka, mai ɗigon fari a baya, wadda cizonta ke sa jikin wasu ya daina karɓar jan nama: mutum ya ci naman sa ko na rago, bayan 'yan sa'o'i jiki ya feso da ƙuraje, wani har numfashi ya sarƙe. Da na karanta wannan sai da na tuna tsire da kilishi na yi shiru.

Wanda ke karatu a Jamus, Folan, Ostiriya ko Rasha shi ma maganar ta shafe shi. Kaskar can tana ɗauke da Laim, tana kuma ɗauke da bairos mai kumbura ƙwaƙwalwa, wanda akwai allurar rigakafinsa.

Sinadarin da ake amfani da shi

Sunansa permetirin. An ƙirƙiro shi a Ingila a farkon shekarun 1970, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted, a ƙarƙashin Michael Elliott. Kwaikwayo ne na gubar da ke cikin wani farin fure mai suna faretiram, wanda Kenya ta daɗe tana nomawa. Gubar furen tana kashe ƙwari, amma rana tana lalata ta nan da nan. Permetirin ya fi ta jure haske, shi ya sa ake iya barin sa a jikin ƙyalle ya yi makonni yana aiki.

Yadda yake aiki zai yi wa mai sha'awar lantarki daɗin ji. Jijiyar ƙwaro kamar wayar wuta take, saƙo yana bi ta cikinta ne ta hanyar buɗewa da rufewar wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam ke shiga ta cikinsu. Ƙofa ta buɗe, saƙo ya wuce, ta rufe. Permetirin yana hana ƙofar rufewa a kan lokaci. Sai jijiyar ta yi ta aika saƙo ba tsayawa, tamkar manhajar da ta faɗa zagayen da ba shi da mafita har waya ta daskare. Kaskar da ta taka ƙyallen da aka yi wa magani sai ta rikice, ƙafafunta su ƙi yi mata biyayya, ta saki ta faɗo, da yawa kuma su mutu daga baya.

A nan akwai bambancin da ya kamata a gane. Permetirin ba wari yake fitarwa ya kori kaska daga nesa ba. Sai ta taɓa shi. Ma'ana, ƙyallen da ba ya kan hanyarta, ko ka zuba masa kwalba guda, bai tsare ka da komai ba.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. Gidan sauro mai magani da ake rabawa a asibitoci da unguwanni, maganin da ke jikinsa daga wannan dangin yake. Samfurin Olyset na kamfanin Sumitomo permetirin ne aka cuɗa cikin zaren kansa, samfurin PermaNet kuma ɗan uwansa ne mai suna deltametirin. Man kazuwa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da likita ke rubutawa shi ma permetirin ne. Mutum yana jure shi ne saboda fatarmu kaɗan take tsotsa, hantarmu tana farfasa shi da sauri, kuma ƙofofin jijiyoyinmu ba su kai na ƙwaro saurin kamuwa da shi ba. Duk da haka, na tufafi ba a shafa shi a fata. Ba don wannan aka haɗa shi ba, kuma a kan fata ba ya daɗewa balle ya yi amfani.

Iri biyu ne a kasuwar Amurka. Akwai na feshi mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, wanda kamfanin Sawyer ya fi shahara da shi, kuma takardarsa ta ce yana kai mako shida ko wanki shida. Akwai kuma tufafin da aka yi wa maganin tun daga masana'anta, irin na Insect Shield, da aka yi wa rajista a kan wanki 70. Sojojin Amurka ma kakinsu na fagen daga da maganin yake zuwa.

Me za a fara fesawa

Duk wanda ya taɓa tsare wata manhaja daga masu kutse ya san ƙa'idar: ka fara da ƙofar da ɓarawo ke shigowa. Ƙofar kaska ita ce ƙafarka.

Takalmi da safa su ne na farko, kuma ba da ƙaramin rata ba. A wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Rhode Island suka wallafa a 2011, mutanen da suka sa takalmi da safa masu permetirin, yiwuwar kaska ta cije su ta yi ƙasa da ta waɗanda ba su sa ba har sau 73.6. In kuɗinka na kwalba ɗaya ne ƙarama, nan za ka zuba ta. Sai wando, musamman daga gwiwa zuwa ƙasa da kewayen ƙugu, ciki da waje na bakin ƙafar. Sai riga. Idan ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka kuma cusa riga cikin wando, ka tilasta wa kaska ta yi duk tafiyarta a kan ƙyalle mai magani. Ba ado a cikin wannan shigar, na sani. Kayan ciki da ke manne da fata, irin su gajeren wando da singileti, ba a yi musu.

Bayan tufafi sai abubuwan da ke taɓa ƙasa: gindin jakar goyo da bayanta, da shimfiɗar taka ƙafa idan ta ƙyalle ce, da kujerar naɗewa in kana da ita. Jaka ce abin da aka fi mantawa. Ana jefar da ita cikin ciyawa sau goma a wuni, da dare kuma a rataye ta kusa da kai.

Sai maɗaurin bishiya. Su ne kaɗai gadar da ta haɗa gadonka da duniya, saboda haka feshin da ka yi musu ba ya ɓaci, ga shi ba sa cin magani da yawa. Gaskiya tururuwa da cinnaka suka fi bin wannan hanyar fiye da kaska, amma wanda cinnaka ya taɓa tasa da tsakar dare ba zai raina wannan ba.

Gadon kansa sai yanzu ya shigo layi, kuma dalilinsa sauro ne fiye da kaska. Nailan ɗin siriri ne, bayanka yana manne da shi, sauro yana iya sauka ta ƙasa ya soke ka ta cikinsa. Gidan sauro na sama bai hana wannan ba. Shi ya sa ake fesa bayan gadon, wato fuskar da ke kallon ƙasa, da bakunan da aka tattare. Gidan sauron ma ana yi masa, musamman inda gwiwa da gwiwar hannu ke jingina. Idan kuwa kullum da bargon ƙasa kake kwana, ya riga ya rufe wa sauro hanya, ba sai ka jiƙa gadon duka ba.

Tamfol kuwa, a ganina, asara ce. An shafe shi da abin hana ruwa shiga, maganin kuma cikin ruwa yake, sai ya taru ɗigo-ɗigo ya gangare ƙasa. Haka bargon gashin tsuntsu mai irin wannan rufin. Kaska ba daga sama take faɗowa ba, bar su haka.

Yadda ake feshin

A waje ake yi, inda iska ke wucewa amma ba ta kaɗawa da ƙarfi, kuma ka tsaya ta inda iskar za ta ɗauke feshin daga fuskarka. Sa safar hannu ta roba da takunkumi. Kada ka taɓa fesa kaya suna jikinka. Kayan su kasance wankakku, busassu, domin datti da maiƙo suna hana maganin kama zare.

Rataye komai a igiyar shanya, gadon kuma ka ɗaure shi ka baza shi kamar za ka kwanta. Girgiza kwalbar. Riƙe ta nesa da ƙyallen kamar santimita 15 zuwa 20, ka bi a hankali layi-layi har ƙyallen ya yi damshi, launinsa ya ɗan sauya, amma ba har ya fara zuba ba. Riga ko wando, kowace fuska tana ɗaukar wajen daƙiƙa 30. Riga, wando da safa gaba ɗaya suna cin kimanin mililita 130 a lissafin Sawyer. Gado mai tsawon mita uku da faɗin mita ɗaya da rabi kuwa fuskarsa ɗaya ta haura murabba'in mita huɗu, saboda haka kada ka yi mamaki idan ya sha fiye da tufafin. Wanda ya yi ƙwauron magani ya ɗan yayyafa, ya yi asara biyu: kuɗi ya tafi, kariyar ba ta samu ba.

Sai shanya a inuwa, aƙalla awa biyu, idan iska na da laima awa huɗu. Duk wanda ya taɓa karɓar sabon gidan sauro ya san umarnin a baza shi a inuwa kafin a kwana a ciki, ba a rana ba. Dalilin inuwar a nan shi ne hasken rana yana cinye maganin. Saboda haka ma ajiyar kayan a cikin jaka mai duhu tana ƙara masa kwana. Idan ya bushe ba ya wari, ba ya tabo. Ka yi aikin kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ba a safiyar ranar ba.

Wanki kuwa, a wanke su daban da sauran kaya, a hankali. Cuɗa da murza su ke kakkaɓe maganin daga zare. Ko na masana'anta ma yana raguwa. Wani bincike da aka yi a kan ma'aikatan daji a jihar North Carolina, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna tufafin sun rage cizon kaska da kashi 82 cikin 100 a shekarar farko, amma a shekara ta biyu kashi 34 kawai. Zufa, rana da yawan sawa duk suna cin rabonsu.

Kyanwa, kifi da ƙudan zuma

Wannan ɓangaren kada a tsallake shi. Hantar kyanwa ba ta iya farfasa permetirin kamar tamu. Idan ta taka shi yana jiƙe ta lashe ƙafa, tana iya kama rawar jiki da farfaɗiya, har ta mutu. A kulle ta nesa da wurin feshi har komai ya bushe ƙarau. Kifi ma ɗan kaɗan ya ishe shi, saboda haka ba a feshi kusa da rafi ko tafkin kiwon kifi, ba a wanke kwalbar a kwata, ba a kuma wanke kayan da aka fesa a cikin rafin daji. Ƙudan zuma ma yana kashe su, a nisanci furanni.

Maganar tsinka magani da kanka

Wasu masu kwanan daji a Amurka, don rage kuɗi, suna sayen permetirin na dabbobi mai ƙarfin kashi 10, su tsinka shi. Lissafin ba wuya: 10 a raba da 0.5 ya ba da 20, wato awo ɗaya na magani, awo 19 na ruwa. Sai su zuba cikin leda mai zif su jiƙa kayan. Na kawo lissafin ne don ka gane abin da lambar jikin kwalba ke nufi, ba don in ce ka yi ba. Da yawa daga cikin waɗannan magungunan an narkar da su ne cikin mai dangin fetur, wanda ke wari kuma yana ƙona fata. Takardarsu ba ta ambaci tufafin mutum ba, kuma a dokar Amurka amfani da maganin ƙwari saɓanin takardarsa laifi ne. Ga kuma ragowar ruwan da ba ka san inda za ka zubar ba.

A wurinmu hatsarin ya ninka. Kasuwarmu cike take da kwalaben da aka ɗura wani abu daban, da waɗanda takardarsu ta goge. Kuma na san abin da zai zo wa wani a rai: ai ga fiya-fiya. A'a. Sinadarin daikulobos da ke cikin Sniper da ire-irensa dangi ne daban gaba ɗaya, yana bi ta fata da numfashi ya shiga jiki, kuma yana kashe mutum. Haka maganin wankan shanu da na feshin gona. Ba a sa ko ɗaya a tufafi ko wurin kwana. In ba ka sami wanda aka rubuta permetirin kashi 0.5 na tufafi ba, ka haƙura da feshin. Sabon gidan sauro mai magani da za ka lulluɓe gadon da shi har ƙasansa, dogon wando mai haske a cushe cikin safa, da duba jiki, sun fi kwalbar da ba ka san me ke cikinta ba.

Kaskar tamu ma ba ta wasa ba ce ga mai zuwa Yankari, duwatsun Jos ko tsaunin Mambila, ko mai shiga garke. Ƙatuwar nan mai zane a baya da ke kama shanu tana sa wa mutum zazzaɓin cizon kaska. Wata kuma mai ƙafafu masu zobe-zobe, wadda ke son busasshiyar ƙasa kuma ba ta jira a kan ciyawa, bin dabba take yi da gudu, ita ke yaɗa zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu. Ana kamuwa da shi har ta jinin kaskar da aka murƙushe da hannu, abin da muke yi ba tare da tunani ba idan muna gyara ragon layya.

Na fata, da lafiyar wayarka

Inda tufafi bai rufe ba, wuya da hannu, maganin shafawa ake sa wa, kuma a nan mai waya ya buɗe kunne. Mafi shahara shi ne DEET. Yana aiki, amma yana narkar da wasu nau'o'in roba. Ka shafa shi ka ɗauki waya, sai ka ga rigar wayar ta yi danƙo, fuskar agogon roba ta dushe, firem ɗin tabarau ya yi tabo. Madadinsa shi ne fikaridin mai ƙarfin kashi 20, wanda ba ya cin roba. In DEET ɗin kake da shi, ka wanke tafin hannu kafin ka taɓa waya, kyamara ko fawa-bank.

Wayar kuma tana da aikin yi. Ranar da ka yi feshi, sa tunatarwa a kalanda ta buga bayan mako shida, ka kuma buɗe ɗan rubutu kana ƙirga wanki. Ba wanda ke tuna wannan da ka.

Kowane dare kafin ka shiga gadon, kunna fitilar waya ka duba jikinka kaf, kyamarar gaba ta zama madubi, bayan kunne da ƙeya kuma ka ɗauki hoto ka zuƙo. Duba ɗin yana da tasiri domin bakteriyar Laim yawanci sai kaska ta yi fiye da kwana ɗaya a manne kafin ta wuce cikin jini. Amma kada wannan ya sa ka yi sanyin jiki, wasu bairos ɗin ba sa jira haka. Da ka dawo gida ka yi wanka cikin awa biyu, kayan kuma, inda akwai injin busar da tufafi, minti 10 a zafi mai ƙarfi yana kashe kaskar da ta maƙale a busasshen ƙyalle. Wankin ruwan sanyi ba ya kashe ta.

Idan ka same ta a manne, ɗauki hantsaki mai siririn baki, kama ta daf da fata, ja sama kai tsaye a hankali, ba murɗawa, ba fizga. Kada ka ɗiga mata kananzir, kada ka shafa mata basilin, kada ka kai mata ashana. Wanke wurin da sabulu, ka wanke hannu. Ita kuma ka manna ta a salatif ko ka sa ta cikin 'yar leda mai zif, ka ɗauke ta hoto daga sama kusa da wani abu da zai nuna girmanta, kamar kan biro. Hoton da kansa zai riƙe maka kwanan wata, in ka kunna bayanin wuri har da inda abin ya faru. Wanda ke Amurka yana iya aika hoton ga shirin TickSpotters na Jami'ar Rhode Island a gaya masa nau'inta. Daga nan sai sa ido har wata guda. Tabon Laim yakan fito tsakanin kwana 3 zuwa 30, kuma ba kowa yake fito wa ba. Zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi ko jan tabo mai faɗaɗa, ka tafi asibiti ka nuna wa likita hoton, ka faɗa masa da bakinka cewa kaska ta cije ka, don kada a sallame ka da maganin maleriya.